Tsatsa Ba Ta Sallama

Shekara arba'in ina dukan ƙarfe a Guri,
garma, fartanya, laujen yankan shinkafa,
ban taɓa ƙera abin da zai bar ƙasa ba
sai da Jazuli, autana, ya cika mini rumfa da fiffike.

Injin ya ciro daga mushen wata mota a Haɗeja,
alminiyam ya zo daga Kano a bayan akori-kura.
Jama'a na zuwa kallon farfela.
Ni notuna nake kallo.

Shamuwa ta sauka, damina ta zauna,
fadama ta tumbatsa har gindin rumbu,
gishiri ya narke a kwalba ba wanda ya taɓa shi.
Ran wata Laraba na zura yatsa ƙarƙashin fiffiken hagu,
inda ƙusar ƙarfe ta ratsa alminiyam,
na fito da wani gari fari, kamar dakakkiyar kanwa.

Na ce, Jazuli, zo ka gani.
Ƙarfe biyu, ba uwa ɗaya ba uba ɗaya,
ka haɗa su ƙirji da ƙirji babu shamaki,
raɓa ta shiga tsakani, ɗaya na cin ɗaya.

Ya ce, Baba, sai in goge da sanfefa
in mayar, ai kuɗi ne.
Na ce, fartanya in ta karye
zama kake a kan kunya ka jira ɗan aike.
Can sama, a ina za ka zauna?

Bai tanka ba. Ya ɗauko sifana.

Kwana tara muna kwancewa.
Ɗari uku da goma sha ɗaya, ni na ƙirga,
a tabarmar kaba, kamar an shanya kuɓewa.
Duk wadda ta yi ƙurji, ko ɗigo ɗaya a zarenta,
gwangwanin madara ne makomarta.
Buhun shinkafa biyu suka tafi kasuwa
suka dawo a ƙullin leda da bai cika tafi biyu ba.

Sababbin na da wani ruwan ɗorawa a jiki.
Na ɗauki tsumma da toka zan sa su ƙyalli,
ya riƙe mini hannu:
Baba, wannan riga ce,
ita ke mutuwa a madadin ƙarfen.
Wannan ban sani ba, duk furfurata.
Na ajiye tokar.

Kowane rami ya wanke, ya bari ya bushe,
ya shafa fenti kore-kore,
ya zura ƙusa tun fentin na ɗanye,
washa sama, washa ƙasa,
ya ɗaure da awo, ba da ƙarfin tuwo ba.
Ni kuma na kori yara masu shafa,
don gumi ma gishiri ne.
Uwarsa, Tabawa, ta ɗinka mana safar hannu
da ragowar wani zanenta mai hoton tattabara.
A ƙarƙashin jela ya huda ƙananan ƙofofi,
na ce, to, ka yi wa jirgi indararo.

Har yau bai tashi ba.
Akwai takardu, akwai masu dubawa da ba su zo ba,
akwai abin da ni da uwarsa ba ma faɗa da dare.
Amma kowace Juma'a, in an sauko,
ina bin haƙarƙarinsa da tocila da ɓarin madubi,
noti bayan noti, kamar mai jan carbi,
domin tsatsa ba ta sallama,
ba ta tari a bakin ƙofa.

Na gwangwanin kuwa ban zubar ba.
Na sa su a wuta, na buga,
na yi wa garken awaki maratayin ƙyaure.
Su ci tsatsarsu a nan, kusa da ƙasa,
inda faɗuwa taki ɗaya ce.